Bot ɗin gasa ya hutar da ni wata huɗu, rana ɗaya ya kusa ja mini duka

Tun bayan ƙaramar salla nake amfani da wani bot, wato manhajar da ke rajista da lissafin maki da kanta, a guruf ɗinmu na Telegram, inda muke shirya gasar gem ta ƙarshen mako a nan Gombe. Da farko sai son barka. Kafin zuwansa littafi da biro nake fama da su, ga lissafin maki, ga yara suna ta yi mini magana a ka.

Abin da ya ja ra'ayina shi ne furofayil, wato ka ajiye wa kowane gem saitinsa daban. Na yi na Free Fire, gem ɗin harbe-harbe: ƙungiya 12, mutum huɗu-huɗu, Booyah (wato zuwa na ɗaya) maki 12, na biyu 9, na uku 8, a haka har ƙasa, kowane kisa kuma maki ɗaya. Na yi na eFootball, gem ɗin ƙwallo, wanda har gobe PES muke ce masa duk da tun 2021 aka sauya sunan: nasara maki 3, kunnen doki 1. Ka danna sau ɗaya, komai ya koma yadda kake so. Har tallarsa na yi wa abokai a Bauchi.

To, wata Asabar bayan la'asar muna Tumfure, an buga zagaye huɗu cikin shida na Free Fire. Ƙanena da na ba adimin yana gida a Pantami, ya ga bari ya rage mini aiki, ya buɗe rajistar PES ta Lahadi. Ya sauya furofayil. Ashe bot ɗin furofayil ɗaya tal yake riƙewa wa guruf gaba ɗaya, kuma ko tambayar "ka tabbata?" bai yi ba. Nan take ya sake lissafa teburin Free Fire da dokar ƙwallo. Booyah ya dawo maki 3, kisa duk ya ɓace.

Yaran Bolari su ne a sama, ba su yi Booyah ko ɗaya ba amma sun zo na biyu sau uku, ga kisa rututu. Suna duba waya suka ga sifili. Kyaftin ɗinsu ya taso har gabana, ya kara mini wayar a fuska: "Oga, kuɗinmu fa muka zuba. Nawa aka ba ka?" Ni da ban san hawa ba ban san sauka ba. Na kira ƙanena, ya ce, "Yaya, wallahi rajista kawai na buɗe."

Na mayar da furofayil ɗin Free Fire, ina cewa shi ke nan. Ina! Matsayi ya dawo, gurbin kisa fayau. Allah ya so ina ɗaukar hoton allo bayan kowane zagaye. Na ari biro wurin mai shagon caji, na zauna a benci ina tarawa, yara goma sha sun yi mini rumfa kowa na ƙirga nasa da ƙarfi. Sai bayan isha'i muka tashi.

Don Allah ban ce bot ɗin banza ba ne. Rajista da haɗa wa zai kara da wa, yana yinsu tsaf, ba ya cin data, kuma daga baya na tarar an rubuta gargaɗin can ƙasan bayaninsa da Turanci. Amma wa ke karanta wannan? Kai, na ma tuna wata: duk furofayil ɗin da ka ƙirƙira sabo, agogonsa UTC yake komawa, awa ɗaya bayan namu. Na sa a rufe rajista ƙarfe huɗu, bai rufe ba sai biyar, ƙungiya biyu suka kutso, aka yi ta rigima. Wannan ma na haɗiye ne a lokacin. Kuma babu inda zai nuna maka wane adimin ne ya taɓa saiti.

Yanzu na buɗe wa PES guruf ɗinsa daban, na karɓe adimin daga hannun ƙanena, yana ta fushi. Kuɗin bot ɗin na wata mai zuwa ban biya ba tukuna. Yaran Bolari kuwa sun ce sai sun ga littafi a hannuna za su sake zuba ko sisi.