King Lear da na saya: wasan ya taɓa zuciyata, bugun ya cuce ni

Kada kowa ya sayi wannan bugun King Lear, wasan kwaikwayon Shakespeare, mai koren bango da ake ta tallarsa a WhatsApp. Na tura kuɗina cas har da na mota, aka ce kwana biyu zai iso, sai da ya kwana takwas, kuma ni na je tasha da ƙafata na karɓo a hannun direba. Ina yage ledar, warin gam ne ya fara tarbata. Takardar ba kauri, kamar ta ƙunshin ƙosai, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba. Kuɗin da suke karɓa kuwa ba kaɗan ba ne. A wannan farashin bugun asali ya kamata a ba mutum, ba wanda aka ɗauki hotonsa aka lilliƙa ba.

Rabona da Shakespeare tun Macbeth na sakandare, King Lear kuwa ban taɓa buɗe shi ba. Wani abokin aikina ne ya ce in neme shi, ranar da na ba shi labarin halin da Baffana yake ciki. Bai yi mini wani bayani ba, ya ce dai in karanta.

Baffa ɗan kasuwa ne, ya fi shekara 40 yana sayar da yadi. Shekara uku da suka wuce ya tara 'ya'yansa ya raba musu gidaje da shaguna tun da ransa, don kada a yi rigima bayan ya kau, shi kuma ya samu ya huta. Aka kira shaidu, aka sa hannu, kowa na ta godiya. Abu ɗaya ya keɓe wa kansa: zauren gidan da majalisarsa, tsofaffin abokan da suke cin tuwon dare tare tun kafin a haife ni.

To, a fitowar farko ta wasan, tsohon sarkin Birtaniya ne zai raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku, gwargwadon yadda kowace ta iya faɗin irin son da take masa. Goneril da Regan suka zuba daɗin baki. Autarsu Cordelia ta ce tana son sa yadda ya kamaci 'ya ta so uba, ba ƙari ba ragi. Ya kore ta ko anini babu, sarkin Faransa ya aure ta a haka. Tsohon kuma ya riƙe sunan sarauta da barade 100, da sharaɗin zai riƙa yin wata guda-guda a gidajen manyan biyu.

Inda na ajiye littafin na yi shiru shi ne kashi na biyu, fitowa ta huɗu. Goneril ta riga ta rage baraden zuwa 50. Ya gudo wajen Regan yana neman agaji, ita ta ce 25. Daga nan suka shiga yi masa ragi kamar ana cinikin tumatir, me zai yi da goma, me zai yi da biyar, a gidan da barori suka yi yawa. Regan ta ƙarasa da cewa ko guda ɗaya ma me zai yi da shi. Amsar tsohon ita ce abin da na kasa faɗa wa 'yan'uwana shekara guda: kada a yi masa lissafin buƙata, don ko almajiri yana da ɗan abin da ya wuce buƙatarsa, in kuwa aka tsaya a kan buƙata zalla to ran mutum bai fi na dabba daraja ba.

Wallahi haka aka yi wa Baffa, sak. Da fari aka ce kwanukan tuwon sun yi yawa, abinci ya yi tsada, kuma gaskiya ya yi. Aka mayar da majalisar sau uku a mako, daga baya Juma'a kaɗai. Bara aka fasa zauren aka yi shagon haya, aka ce ai kowane tsoho yana da tuwo a gidansa. 'Ya'yan Baffa ba mugaye ba ne irin waɗancan biyun, suna ciyar da shi, suna sayen magani, ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Amma duk matakin da aka ɗauka yana da hujja mai kyau, kuma duk hujjar sai ta ɗan rage masa tsawo. Mutumin da aka haifa a wani ƙaramin garin Ingila a 1564 ya hango wannan, har ya san da ƙidaya ake yin sa.

Na yi ta shakkar ba Baffa labarin, kada in fama masa ciwo. Shi ya ga littafin a hannuna ya tambaya. Daga nan kullum bayan isha'i sai in karanta 'yan shafuka in juya masa da Hausa. A nan dole in yi adalci, bayanin kalmomin da ke ƙasan kowane shafi ya taimake ni ƙwarai, don Turancin shekara 400 ba na jarida ba ne. Baffa ya fi son Kent, bafaden da sarki ya kora saboda ya faɗi gaskiya, ya sake kama ya dawo yana yi masa bauta. Ya ce shi ma yana da irinsa, yana nufin tsohon yaron shagonsa da har yau yake kawo masa fura duk Litinin. Wawan sarkin kuwa ya sa shi dariya har da tari, musamman inda ya ce wa ubangidansa bai kamata ya tsufa ba kafin ya yi hankali. Ya yi dariyar, sannan ya ce in maimaita.

A lokacin har na fara yafe wa masu sayarwar. Na ce takarda ce kawai, magana tana ciki.

Sai muka zo kashi na huɗu. An ƙwaƙule wa Gloucester, wani babban bafaden sarki, idanu, ɗansa na gaba da fatiha ya ci amanarsa, sarki ya zauce yana yawo a daji, Cordelia ta dawo da rundunar Faransa tana neman ubanta. Baffa ya gyara zama ya ce, "To ɗan nan, sun haɗu?" Na juya shafi, sai na ga mun koma cikin hadarin kashi na uku. Na sake dubawa. Shafi 16 cur aka maimaita, 16 kuma babu su, kuma a cikinsu ne fitowar da uba da 'ya suka gana. Tsoho yana kallona, ni ina ta bankaɗa takardu, guda biyu ma suka zare suka faɗi a tabarma.

A waya na lalubo wurin, ba bayanin kalmomi, ina kame-kame. Ko a hakan ya ratsa mu. Sarkin ya farka bai gane ta ba, ya zaci daga lahira take, ya nemi ya durƙusa mata. Ya ce shi tsoho ne marar wayo da ya haura 80, in tana da guba ta ba shi ya sha, don ita tana da dalilin ƙin sa. Ta ce babu dalili, babu dalili. Baffa bai ce uffan ba, ya dai ja hularsa ya rufe goshi. Wannan wurin ne na biya kuɗi dominsa, kuma shi ne ba a ba ni ba.

Washegari na tura musu hoton shafukan. Suka ce haka kamfani ya aiko. Na ce a canza mini, aka buɗe saƙon aka yi shiru, yau kwana 19.

Gabatarwar littafin, wadda ta tsira daga ɓarnar, ta ce an yi wasan a gaban Sarki James na Ingila ranar 26 ga Disamba 1606, aka fara buga shi a 1608. A can na ga cewa ƙarshensa ya yi wa Turawan kansu nauyi, don ana rataye Cordelia, uban ya shigo ɗauke da gawarta ya mutu a kanta. Shi ya sa a 1681 wani marubuci mai suna Nahum Tate ya sake rubuta shi, ya bar ta da rai ta auri Edgar, ɗan Gloucester na halak, ya cire wawan sarki ɗungum, kuma nasa aka yi ta nunawa har wajen 1838. Na tambayi Baffa wanne ya fi so. Ya ce in bar masa na farkon, wanda ya rubuta shi ya zauna da tsofaffi.

Yanzu da roba na ɗaure littafin, don bangon ya rabu da cikinsa tun kafin mu kai kashi na biyar. In akwai wanda ya san inda ake samun bugu mai ɗinki, cikakke, ya taimaka ya nuna mini. Baffa ya ce mu sake farawa daga farko bayan Sallah, kuma yana so yaron shagon nan nasa ya zo ya ji wurin Kent.