Sayen 'Ya'yan Darar Ces na Indiya: Katako, Roba ko Dutse?

Tun da Gukesh Dommaraju, ɗan shekara 18 daga birnin Chennai, ya doke Ding Liren na ƙasar Sin a Singafo cikin Disamban 2024 ya zama zakaran duniya a wasan ces, abokai suke tambayata irin kayan wasan da ya dace su saya. Tambayar ba ta fita daga Indiya, domin a can wasan ya samo asali wajen ƙarni na 6 da sunan caturanga, wato rukunan mayaƙa huɗu na giwaye da dawaki da karusai da dakaru, kafin ya ratsa Farisa ya isa ga Larabawa da sunan shaɗaranji. Kuma har gobe yawancin 'ya'yan wasa na katako masu kyau da ake sayarwa a duniya daga hannun masassaƙan Amritsar da ke jihar Punjab suke fitowa.

Kafin a yi maganar kuɗi, a fara duba siffa. Wadda ake gasa da ita ita ce ta Staunton, da kamfanin Jaques na Landan ya fara sayarwa a 1849, kuma hukumar ces ta duniya, FIDE, ta tanadi cewa tsawon sarki ya kasance kimanin santimita 9.5, faɗin kowane gida na allo tsakanin santimita 5 zuwa 6. Wannan kaɗai ya fitar da 'ya'yan ado na jihar Rajastan ta Indiya masu fentin giwaye da raƙuma, waɗanda wurinsu saman kabad ne. Na dutsen marmara suna da sheƙi a hoto, amma faɗuwa ɗaya ta isa ta raba doki da kunnensa. Na roba masu allon leda da ake naɗewa ba su da laifi ga makaranta ko yara, kuma ba ni da abin ƙarawa a kansu. Allon lantarki na kamfanin DGT kuwa, wanda ke aika kowane motsi zuwa intanet, na masu shirya gasa ne.

Zaɓina shi ne katakon shisham a ɓangaren baƙi da bokswud, wani itace mai ɗan launin rawaya, a ɓangaren fari. Shisham itace ne ruwan ƙasa mai jijiyoyi, launinsa na halitta ne, don haka babu abin da zai goge ya bar shi tsirara. Yawan taɓawa ma ƙara masa sheƙi yake yi. Bokswud kuwa yana da tsauri da laushin fuska, shi ya sa wuƙar masassaƙi ke iya fitar da hancin doki da gezarsa ba tare da itacen ya tsage ba. Dokin nan shi ne ma'aunin aiki, domin sauran 'ya'yan a kan injin juyi ake fere su, shi kuwa da hannu ake sassaƙa shi ɗaya bayan ɗaya, kuma kaso mai tsoka na farashin a kansa yake tafiya. A nemi masu nauyin ƙarfe a gindi da ƙyallen bargo a ƙasa, waɗanda ba sa kifewa in hannun riga ya shafe su a lokacin wasan gaggawa, sannan a tabbatar akwai ƙarin sarauniya biyu, wato 'ya'ya 34 ke nan maimakon 32. Ga mazauna ƙasarmu akwai wani dalilin kuma: busasshiyar iskar hunturu tana tsuke katako alhali ƙarfen da ke cikinsa bai motsa ba, sai gindi ya dare, kuma eboni, ɗan uwan kanyarmu, ya fi shisham saurin wannan darewar duk da tsadarsa.

A kan ebonin nan ne aka taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na biya kuɗin eboni na gaskiya ga wani mai sayarwa a intanet, kaya suka iso baƙi wuluk, na yi ta nuna wa masu kawo mini ziyara. Da zafi ya shigo sai na ga yatsuna suna baƙi bayan wasa, kan sarki kuma ya fara yin rawaya. Na ɗaga ƙyallen gindin soja ɗaya, sai ga bokswud da aka rina. Rinannen bokswud ba haram ba ne, 'yan kasuwar kirki suna sayar da shi da sunansa a kan farashi mai sauƙi. Zambar ita ce a karɓi kuɗin wani a ba da wani. Eboni na gaskiya yana da nauyi tun kafin a sa masa ƙarfe, kuma in aka kai shi rana akan ga siraran jijiyoyi masu ɗan ruwan ƙasa, ba baƙi ɗaya shafe kamar na tukunya ba.

Tun daga ranar ba na yarda da hoton talla. Wasu sukan ɗauki hoton doki na babban masassaƙi su aiko da wanda almajirin sana'a ya yi, mai kama da jaki, don haka a buƙaci hoton dawakan huɗu jere, na ainihin akwatin da za a aiko. A tambayi nauyin sarki da faɗin gindinsa a rubuce, domin kalmar "mai nauyi uku" da suke yawan sawa ba ta da wani tsayayyen ma'auni. In kaya sun iso, a girgiza kowane ɗa kusa da kunne: wanda ya yi ƙara, ƙarfensa ya kwance. Wanda kuma aka yi wa tayin "tsohon hauren giwa" ya ja jikinsa, domin an haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, ko dai ƙashin raƙumi ko roba aka ba shi, ko kuma kayan su tsaya a hannun kwastan. Haka nan a karanta a ga ko farashin ya haɗa da allo, saboda sau da yawa wanda ke cikin hoton ba ya cikin akwatin.