Partagás, Don Carlos da kofin da muka bari a Abijan

Kara uku na taba na saya saboda wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, wanda Najeriya ta buga da Kodebuwa a Abijan a 2024. Biyu sun biya kuɗinsu, ɗaya ya tafi kwandon shara tun bai kai rabi ba. Tabar naɗin ganye nake nufi, wadda ake naɗawa da hannu, zallar ganye ciki da waje, babu takarda, babu auduga a gindi. Na so in rubuta wannan sharhi ina murna, kofi yana hanyar Abuja, amma Allah bai nufa ba. Saboda haka wanda ya zo don taba kaɗai ya yi haƙuri, sai ya ji har da abin da ke cin raina.

A wani shago na unguwar Victoria Island na saye su: Montecristo No. 4 da Partagás Serie D No. 4, dukansu 'yan Kuba, sai Arturo Fuente Don Carlos ta Jamhuriyar Dominikan. Farashin ya ba ni tsoro, ni da nake harkar lodin kaya daga Apapa zuwa Arewa, na saba jin tsadar komai a 'yan watannin lokacin. Da dala ake sayo tabar, dala kuwa a farkon 2024 ta haura naira 1,400. Ban da wannan, tun 2022 kamfanin Habanos, wanda shi kaɗai ke fitar da tabar Kuba zuwa kasashen waje, ya ɗaga farashi sosai, musamman na tabar Cohiba, wadda ya daidaita kuɗinta da na kasuwar Hon Kon. A watan Satumba na shekarar kuma guguwar Ian ta afka wa lardin Pinar del Río, inda gonakin taba na yankin Vuelta Abajo suke, ta rushe rumfunan shanya ganye masu yawa. Kaya ya yi ƙaranci, masu so ba su ragu ba. Cohiba kam ko tambayar kuɗinta ban yi ba.

Montecristo na fara kunnawa, ran Asabar da yamma, jajiberin wasa. Gajeriya ce siririya, tsawonta milimita 129, kuma tana cikin tabar Kuba da aka fi sha a duniya. Na san ta, na sha ta a baya, na san ƙamshinta na gahawa da koko. Wannan kuwa tun da na matsa ta da yatsa na ji ta yi laushi fiye da kima. Na yanke kanta, na zuƙa kafin in kunna, iska ba ta wucewa sai da ƙyar. Da na sa mata wuta sai ta riƙa ci ta gefe guda, ɗaya gefen ya tsaya, tana mutuwa ina sake kunnawa, har ɗaci ya rufe komai. Laifin ba na masu naɗin ba ne. Ta sha danshi ne a wurin ajiya. Da ma ina shagon na lura ƙofar ɗakin tabar a buɗe take, na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, wai janareta ya samu matsala.

Wannan shi ne babban abin da mai sayen irin wannan taba a Legas zai sa a ransa. Ganyen yana son laimar iska tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyi wajen digiri 18 zuwa 21. A Kano ko Katsina, musamman lokacin hunturu, matsalar bushewa ce, sai rigar tabar ta tsage tana ɓarewa. A nan bakin teku akasin haka ne. Laimar Legas takan wuce kashi 80, ganye ya kumbura, hanyar iska ta toshe, in abin ya daɗe fumfuna ta fito. Zafi kuma yana ƙyanƙyashe ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke zama cikin ganyen, sai ka buɗe akwati ka tarar da ƙananan huji a jikin karan da ka saya da tsada. Don haka kada sunan da ke kan zoben takarda ya ruɗe ka. Dubi ɗakin ajiyar tukuna, ka nemi ganin ma'aunin laima, ka matsa karan a hankali daga kai zuwa gindi. In ya yi tauri a wuri guda ko ya yi laushi gaba ɗaya, ajiye masa abinsa.

Ran Lahadi, 11 ga Fabrairun 2024, a saman benen yayana a Agege muka yi kallo, mu da wasu abokai. Ban je gidan kallo ba saboda dokar jihar Legas ta 2014 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, dokar ƙasa ta 2015 ma haka ta ce, kuma ko babu doka bai dace ka busa wa yara da waɗanda ba sa sha hayaƙi ba. Ƙarfe tara na dare aka take wasa, ni kuma na kunna Partagás.

Ita dai ba ta ba ni kunya ba. Kakkaura ce, milimita 124, rigarta ja-ja mai maiƙo, kamfanin kuma tun 1845 yake. Zuƙar farko yaji ne irin na masoro ya bugi harshena da bayan hancina, daga baya ya lafa, ƙamshin itace da na jemammiyar fata ya fito. Hayaƙinta mai kauri ne, yana cika baki. Tokarta toka-toka ce mai duhu, ta riƙe tsawon gaɓar yatsa kafin ta faɗi. Layin wutar bai miƙe sak ba, ya ɗan karkace, amma ya gyara kansa ban taɓa shi ba. Ba tabar sabon shiga ba ce, kuma ba a shan ta da yunwa. Ni sai da na ci tuwo na ƙoshi, na ajiye shayi mai citta a gefe, duk da haka na ji ƙarfinta.

Ina tsakiyarta kyaftin ɗinmu Troost-Ekong ya sa kai a minti na 38, daga bugun kusurwa. Agege gaba ɗaya ta ɗauki ihu, har ƙahon motoci muna ji daga titi. Amma ko a lokacin yayana bai tashi daga kujera ba.

Na ce, “Yaya, ba ka murna ne?”

Ya ce, “Ƙanena, dubi filin da kyau. Tun da aka fara a gidanmu ake wasan nan. Wanda ya zauna a bakin ragarsa minti 90, sai an ci shi.”

Gaskiya ya faɗa. Ƙwallon Ekong ba ta fito daga wani tsari ba, dama ce guda ta zo muka yi amfani da ita. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci na zaci kocinmu Peseiro zai ce a ɗan matsa gaba, a riƙe ƙwallo, a rage wa 'yan baya nauyi. Ina! Sai ma muka ƙara komawa baya. Simon Adingra na Kodebuwa ya mai da ɓangaren ɗan bayanmu Ola Aina hanyar wucewarsa, kowa a duniya yana gani, ba a tura wanda zai taimaka masa ba. Aina ya yi gasa mai kyau tun farko, ba na zaginsa, a daren ne aka bar shi shi kaɗai da yaron da ya fi shi gudu. Minti na 62 Adingra ya bugo kusurwa, Franck Kessié yana tsaye babu mai tsaronsa, ya sa kai ya farke. Minti na 81 Adingra ɗin dai ya sake wucewa ta wannan gefen ya kawo ƙwallo, Sébastien Haller ya ɗaga ƙafa ya taɓa ta da bakin takalmi ta shige. Mutum ɗaya, sau biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ba ƙarfi aka fi mu ba, tsoro muka ji. Wannan Kodebuwar fa mun ci ta 1-0 a wasan rukuni, a gidanta, gaban mutanenta. Ita ce Ikwatoriyal Gini ta zuba wa 4-0, har aka kori kocinta Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé. Ba don Maroko ta ci Zambiya ba da tuni sun tattara kayansu. Da ƙyar suka fitar da Senegal a bugun fenariti, da ƙyar suka tsallake Mali da mutum goma. Mu kuwa ƙwallo biyu kacal aka zura mana a wasa shida kafin wannan daren. Mun fitar da Kamaru 2-0, mun ci Angola, mai tsaron ragarmu Nwabali ya kaɗe fenariti biyu na Afirka ta Kudu. Sai ranar da ta fi kowace rana muhimmanci muka kasa haɗa fasin uku a jere. Osimhen, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023, ya yini yana bin dogayen ƙwallaye shi kaɗai tsakanin 'yan baya, har ya gaji ya riƙa faɗa da alƙalin wasa. Kana da shi, kana da Lookman, kana da Chukwueze da Moses Simon, sannan ka ce kowa ya koma tsaron gida? Tsarin 'yan baya biyar ya kai mu wasan ƙarshe, ban musa ba, amma koci na gari yana da dabara ta biyu in ta farko ta ƙi. Ban ga ta biyu ba.

Haller kam na yi masa murna a zuciyata, duk da baƙin cikin. A 2022 aka gano yana da cutar daji, ya yi jinya ya dawo fili. Mutumin da ya tsallake wannan, in ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofi, sai a ce Allah ya yi masa sakayya.

Yayana yana yaro aka kai shi filin wasa na Surulere a 1980, lokacin da muka ci Aljeriya 3-0 muka ɗauki kofin farko. Yana nan kuma a 2000 da Kamaru ta doke mu a bugun fenariti a wannan filin, ranar da ƙwallon Ikpeba ta bugi turke ta faɗa ciki alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Ya ce waccan ta yi ciwo saboda zalunci ne, wannan kuwa ta yi ciwo saboda da hannunmu muka bayar. Sau biyar ke nan muna faɗuwa a wasan ƙarshe: 1984, 1988, 1990, 2000 da 2024. Rabonmu da kofi tun 2013, zamanin marigayi Keshi.

Zagin da aka yi wa Iwobi a Instagram har ya goge hotunansa, wannan rashin tarbiyya ne. An sa shi aikin da ba nasa ba, tare ƙwallo a tsakiya, saboda Ndidi ya ji rauni kafin gasa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Mai son ya yi faɗa ya yi da wanda ya tsara wasan.

Partagás ta ƙare mini jim kaɗan bayan an dawo daga hutu, don a hankali na sha ta. Kashinta na ƙarshe shi ya fi armashi: yajin ya dawo, ƙamshin ƙasa da gasasshiyar gahawa ya ƙaru, ba ta yi zafi ba, ba ta yi ɗaci ba har sai da ta kusa ƙona min yatsa. Masu naɗi suna jera ganyen ciki ne ta yadda ƙarfin zai riƙa hawa, ganyen saman shuka da ya fi shan rana shi ake sawa a tsakiya don ya ci a hankali. Ta fara da ƙarfi ta ƙare da ƙarfi, abin da 'yan wasanmu suka kasa yi a daren.

Don Carlos, da na tanada don shagalin nasara, ban iya kunna ta a daren ba. Sai washegari bayan isha'i, ni kaɗai. Ita ce ta ba ni mamaki, kuma ita zan sake saya. Rigarta ganyen Kamaru ne, irin wanda ake nomawa a gabashin ƙasar, siriri ne mai ɗan kaushi a hannu, launinsa ruwan ƙasa. Ganyen ciki na Dominikan ne. Zuƙarta sumul, babu toshewa, wutar ta tafi a miƙe daga farko har ƙarshe, tokar fara tas. Ɗanɗanonta akwai ɗan zaƙi, da ƙamshin gasasshiyar gyaɗa da kirfa, ƙarfinta matsakaici, ba ta hawa kai. Ba ta da zurfin Partagás, wannan gaskiya ne, kuma rigar Kamaru tana saurin tsagewa in an yi mata riƙon sakaci ko aka yanke ta da wuƙa mara kaifi. Amma ta fi sauƙin kuɗi, naɗinta ya fi tsabta, kuma na ji daɗi a raina cewa ganyen da ya fi komai daɗi a jikinta daga maƙwabtanmu ya fito.

Ba ina kiran kowa ya fara shan taba ba ne. Masu cewa ai wannan ba a haɗiye hayaƙinta don haka ba ta da illa, yaudarar kai suke yi. Tana jawo cutar daji ta baki da maƙogwaro, kuma babban kara ɗaya yana iya ƙunsar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Malamai ma da yawa sun hana, wasu sun ce makaruhi ne. Ni jefi-jefi nake sha, kuma na san ba alheri nake yi wa jikina ba.

Wanda ya riga yana sha kuma zai saya a Legas, ya kiyayi Cohiba mai araha da ake kawowa cikin akwati mai murfin gilashi, jabu ce. Akwatin Kuba na gaskiya yana da koren hatimin gwamnati mai lamba, ana iya duba lambar a shafin intanet na Habanos. In kuɗinka na kara ɗaya ne kuma kana son ƙarfi, ɗauki Partagás. In kana son wadda za ka zauna da ita cikin natsuwa, Don Carlos. Montecristo kuma sai a shagon da ka ga ma'aunin laimarsa da idonka.

Kwantiragin Peseiro ya ƙare a ƙarshen Fabrairun 2024. Ko shi za a bari ko wani za a kawo, fatana a lokacin shi ne hukumar ƙwallo ta yanke shawara da wuri, don wasannin neman gurbin kofin duniya na 2026 suna tafe a watan Yunin 2024, da Afirka ta Kudu da Benin. A lokacin mun riga mun yi kunnen doki da Lesotho da Zimbabwe, maki biyu kacal muke da shi a wasa biyu, kuma ta ɗaya a rukuni ce kaɗai ke wucewa kai tsaye.