Jar filta ko ta kamfani: wacce ta dace da motar da ke shan ƙurar Maraɗi?

Kwanan baya na kai mota juyen mai, sai na tarar da wani matashi ya kawo Corolla tana fitar da shuɗin hayaƙi. Da aka ɗaga bonet babu akwatin iska na kamfani. Wata jar filta ce mai siffar mazurari aka ɗaura a bakin tiyo, a buɗe, dab da inji. Makaniken ya kwance ta, ya zura yatsa cikin tiyon, ya fito da shi ja wur da ƙura.

"Ƙanena, duk wannan injinka ne ya sha."

"Amma maigida, da ka ji kukanta in na taka totur!"

"Ta yi nata kukan, saura aljihunka."

Irin wannan filta ta shigo gari, masu sayarwa kuma suna cewa tana ƙara ƙarfi, tana rage shan mai. Kafin ka ba da kuɗinka, ya kamata ka san yawan iskar da ake magana a kai. Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone fetur kilo 1. Wato kowace litar da ka sha a gidan mai sai ta ja iska wajen lita 9,000 ta bi ta filta. To ka tuna da hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko gilashin mota ka goge da safe kafin azahar ya yi fari. Ƙurar nan garin yashi ne, ya fi ƙarfen inji tauri. In ta wuce filta sai ta riƙa goge ringin fistan a hankali, har inji ya fara shan baƙin mai.

Filtar takarda da ke cikin akwatin kamfani ita ce mafi araha, kuma ita ta fi kama ƙura mai laushi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, akwatin nan ba ado ba ne: yana da bututu da ke ɗebo iska daga gaban mota, inda zafin inji bai kai ba. Aibinta ɗaya, tana toshewa da wuri a ƙasarmu, sai ka riƙa sauyawa.

Sai filtar auduga mai mai, irin ta kamfanin K&N na Amurka, wadda ake sawa cikin akwatin na asali. Ana wanke ta, a shanya, a shafa mata mai na musamman a mayar. Iska ta fi wucewa da sauƙi don ƙofofinta sun fi faɗi, man ne ke riƙe ƙura. A ƙasar da ruwan sama ke wanke hanya kullum, wannan dabara ba laifi. A nan kuwa man yana cika da ƙura nan da nan. In ka rage mai, ƙura ta wuce. In ka cika shi, sai ya taɓa siririyar wayar na'urar da ke auna iska a bayan filta, kwamfutar mota ta rikice, fitilar inji ta kama, mota ta fara sarƙewa. Kuma ina za ka samu man nata na gaskiya? Na ga wanda ya shafa mata baƙin mai, wai duk mai ne.

Jar filtar nan ta buɗe, ita ce ban ga abin da zai sa mutumin Maraɗi ya saya ba. Amfanin sauya hanyar iska shi ne a samu iska mai sanyi, don in zafi ya ƙaru da digiri 10, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100, ƙarfin inji kuma ya bi shi. A watan Afrilu da Mayu zafin gari kansa yana haura digiri 40, balle ƙarƙashin bonet a cunkoson bakin babbar kasuwa. Ka cire bututun da ke ɗebo iskar waje, ka koma shaƙar hucin lagireto. Ƙara ce kawai ta ƙaru.

Akwai wadda aka yi wa dogon bututu ya gangara bayan bamba don ya samu sanyi. A lissafi ta fi ta buɗe hankali, sai dai ta kai bakin inji daidai inda tayoyi ke tayar da ƙura. Da damina kuma, ranar da ruwa ya kwanta a titi ko ka ratsa kwari ta wajen gulbi, inji zai zuƙi ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, take sandar fistan ke lanƙwashewa.

Maganar ƙarin ƙarfi fa? Ɗan abin da ake samu sai an danne totur har ƙasa, inji na juyi sosai. A tuƙin cikin gari marfin totur ne ke tare iska, ba filta ba, don haka ko wace iri ka sa duk ɗaya. Rage shan mai ma haka. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da toshasshiyar filta a 2009: masu injekta saurin ɗaukarsu ne ya ragu, shan mai bai sauya wani abin kirki ba, don kwamfuta na daidaita fetur da iskar da ta shigo. Tsohuwar mota mai kafireta ce shan manta ya ƙaru. In toshasshiyar filta ba ta ƙara wa mai injekta shan mai ba, da wuya buɗaɗɗiya ta rage shi.

Gyara ɗaya na yarda da shi, shi ma ba ga kowa ba: bututun nan da ke hawa gefen gilashin Hilux da Land Cruiser har saman rufi. Mai bin hanyar yashi zuwa kasuwannin ƙauye ta wajen Dakoro ko Bermo, musamman a bayan wata mota, zai ci riba, don iskar sama ta fi ta gindin taya tsabta. In an ɗora masa kai mai kwano, wanda ke juya iska ya wurgar da yashi mai nauyi kafin ya kai filta, ya fi kyau; sai ka riƙa zubar da abin da ya taru. Amma ana huda jikin mota, kuma in mahaɗa ɗaya ba ta liƙe ba, gara ma ba a sa ba. Wanda tafiyarsa kwalta ce zuwa Yamai, Damagaram ko Katsina ba ya bukatarsa.

Ga mai ƙaramar mota, kuɗin jar filta ya sayi ta takarda guda biyu, ɗaya a akwati ɗaya a but. Jabu ta yi yawa, saboda haka ka riƙe tsohuwar ka gwada: lanƙwasar takardar su zo da yawa kuma a jere, robar gefe ta yi laushi, ta zauna daram ba sai an danna ba. Ka haska fitilar waya ta bayanta, in ka ga ɗigon haske mai kaifi, ta huje. Kada ka bari a hura ta da iskar mai faci da ƙarfi, takardar na tsagewa inda ido ba ya gani; ka bubbuga ta a hankali, in ta yi nauyi ka sauya. Ka duba maƙallan akwatin ko sun cika, ka matsa tiyon ko ya tsage a lanƙwasa. Sannan ka zura yatsa cikin tiyon da ke bayan filta, ka ga da me zai fito.