Keken lantarki a rairayin Maradi: injin baya ko na tsakiya?

Keken da nake hawa injinsa a cibiyar tayar baya yake, wat 350, batir volt 36, da totur a hannun dama kamar na babur. Na ƙanena kuwa injin a tsakiya yake, wajen feda, ƙirar Tongsheng da aka ɗaura wa tsohon kekensa. Mun sha yin musaya, shi ya sa na san halin kowanne.

A kan gudron, daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa Babbar Kasuwa ko hanyar Tibiri, nawa ba shi da laifi ko kaɗan. Ka murɗa totur, ya tafi shiru, ko gumi ba ka yi. Amma da ka sauka cikin lungu mai rairayi sai labari ya canza. Injin baya ba ya amfana da giyar keke, kai tsaye yake juya taya, don haka in yashi ya riƙe shi sai ya yi ta nishi yana zuƙe batir. In ka taɓa shi bayan nan, da kyar hannu ke jure zafinsa, balle a watan Afrilu.

Na tsakiya sarƙa yake ja. Ka sauko da giya ƙasa, ya ratsa yashin a hankali, har da buhun gero a baya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake auna ƙarfin da ka danna feda: ka taka kaɗan ya taimaka kaɗan, ka matsa ya ƙara. Nawa juyawar feda kawai yake ganewa. Sai ta ɗan zagaya kafin injin ya farka, sannan ya fizge ka gaba ɗaya. A cunkoson bakin kasuwa, tsakanin ƴan kabu-kabu da masu amalanke, wannan fizgar abin tsoro ce, gara in kashe ta in bi da totur.

Sai dai injin tsakiya da tsada, kuma yana cin sarƙa da haƙoran giya, ƙura na taya shi. Nawa kuma ranar da ƙaya ta huda tayar baya, sai da na tsaya kan mai faci ina roƙon ya lallaɓa wayar injin kafin ya kwance tayar.

Wanda harkarsa ke kan gudron, injin baya mai totur ya ishe shi, ya riƙe sauran kuɗinsa. Ni da gidana ke can cikin rairayi, in na tashi canji na tsakiya zan ɗaura.