Na kai injin Datsun ɗin Baba an yi masa boring, ga yadda na ga aikin

Datsun 120Y ce ta marigayi Babanmu, tun muna yara a cikinta ake kai mu makaranta, shi ya sa duk masu cewa in cire injin in dasa na wata mota ban saurare su ba. Hayaƙi take yi shuɗi ta salansa, baƙin mai kuma sai ka ce sha take, duk sati sai na ƙara, filogi in ka kwance baƙi ƙirin ya jiƙe da mai. Sau biyu ana canza mata ring, wato zoben fistin, amma ba a wata uku ta koma gidan jiya.

Da makanikina ya sauke injin muka kai bulok ɗin wajen masu boring, wato masu faɗaɗa ramin silinda da fistin ke hawa da sauka a ciki, wani dattijo ne, wallahi abin da ya fara burge ni bai yi maganar kuɗi ba sai da ya auna. Ya ce "Alhaji kawo yatsanka", ya sa na shafa saman silinda na uku, sai na ji wani ɗan tudu daidai inda ring ke tsayawa, farcena har maƙalewa yake. Ya ce ramin ya buɗe daga sama kuma ya daina zama da'ira, to sabon ring ba zai taɓa kamawa ba ko sau goma za a canza. Injin A12 ne, 1171cc, faɗin ramin milimita 73 daga kamfani, ya ce rabin milimita kawai zai ci, wato 020 kamar yadda suke cewa, kuma ba zai taɓa bulok ba sai na kawo fistin ɗin a hannu domin da su zai daidaita ramin. Nan na sha wuya, sati biyu ina zirga-zirga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kafin a samo saiti.

Kirankishaf ma an gurje shi aka sa metal, wato 'yan ƙarafan da yake juyawa a kansu, daidai da shi, sabuwar sarƙar taimin, sabon gasket, aka gyara zaman bawul.

Inda ban ji daɗi ba, kwana huɗu dattijon ya ce min, sai da aka yi sha ɗaya, ga waya ba ya ɗauka. Sannan bulok ɗin bai wanku sosai ba, makanikina ya goga farin tsumma a ciki ya fito da toka-toka, sai da muka sake wankewa da ruwan zafi da omo muka busa hanyoyin mai, don wannan garin ƙarfen shi ke cinye sabon metal.

Yanzu na yi wajen kilomita 900 ina lallaɓa ta, ban taka ta da ƙarfi ba, na juye mai sau ɗaya. Hayaƙi ya ɗauke, da asuba bugu ɗaya take tashi. Zan koma wajen dattijon, amma wanki da kaina zan tsaya a kai.