Daga Faransa zuwa Garwa: tayar da babur da ya shekara da shekaru a jingine

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru. Tambayar da ta fi iso mana nan Faransa daga gida ita ce ta tsofaffin babura: Honda CG125 na baba ko na kawu da ya shekara bakwai a zaure, ko Yamaha mai hayaƙi da aka lulluɓe da buhu aka manta. Kowa na so ya san me za a aiko masa daga Turai don injin ya tashi. Abin kaɗan ne, kuma ba manyan kayan da ake zato ba.

Ciwon babur da aka ajiye a nan dabam yake da na gida. Nan laima ce ke ɓarna, raɓar lokacin sanyi ta kwanta cikin tanki da silinda, tsatsa ta cinye su. A gida ƙarfe ya fi tsira, amma zafin bazarar Garwa da kan haura digiri 40 yana gasa duk abin da yake roba: tiyon mai, sil (robar da ke hana yoyo), soson matatar iska. Ga ƙurar hunturu, ga ɓera mai cin waya, ga zanzaro da ke gina ɗakin laka cikin salansa har hayaƙi ya rasa hanya.

Don Allah kada a fara da buga kik. Nan ne yawancin injuna ke lalacewa. Man da ke jikin silinda ya daɗe da tsiyayewa, zoben fistan sun bushe ko sun manne, bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya zobe ko ya karce bango. A hure ƙurar da ke kewaye da fulogi, wato buji a bakin makanikanmu, a kwance shi, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin, a bar shi ya kwana. Washegari a danna kik da hannu a hankali, fulogi na waje. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya cije, a haɗa kananzir da baƙin mai rabi da rabi a zuba, a ba shi kwana 2 ko 3, sannan a sa giyar ƙarshe ana jijjiga tayar baya gaba da baya. In har mako ya wuce bai saki ba, a buɗe kan injin a gani da ido. Guduma ba ta da aiki a nan.

Sai baƙin mai. A zubar da tsohon gaba ɗaya, a wanke 'yar ragar da ke tace shi, a zuba sabo, kusan lita 1 ga CG125. A zafi irin namu 20W-50 ya fi dacewa. A nan kowane galan na ɗauke da bayaninsa, mai babur kuma na neman wanda aka rubuta JASO MA, domin kulochin babur cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna sa shi sulɓi. A gida akwai mai mai kyau a gidajen mai, matsalar ita ce wanda ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba. A sayi mai hatimi ko da ya fi tsada. Abu guda da nake fata mu ɗauka daga nan: tsohon mai ba a malala shi a kwata, akwai wurin tara shara na hukuma da ke karɓarsa kyauta.

Tanki da kafireta su ne rabin aikin. Fetur da ya daɗe yakan koma danƙo mai wari. A juye shi, a haska cikin tankin da tocila. In akwai tsatsa, a zuba notuna cike da tafin hannu da ɗan kananzir a girgiza sosai, a juye, a cika da ruwan kal ya yi kwana 1 ko 2, a ɗauraye, a shanya a rana har ya bushe ƙarau, a zuba fetur nan take don tsatsa ba ta jira. A canza tiyo, a ɗaura ƙaramar matatar fetur tsakanin tanki da kafireta.

A kafireta, ƙaramin jet na silo, wato ɗan bututun da ke ba injin fetur lokacin da ba a murɗa totur ba, shi ne ke fara toshewa, ramin nasa ƙanƙani ne ƙwarai. Alamarsa: injin ya tashi da cok, da an saki cok ya mutu. Gareji a nan na jefa kafiretan cikin tukunyar wanki mai girgiza ruwa da sauti, ya fito fes. A gida babu buƙatar wannan; a jiƙa jet cikin fetur mai tsabta, a bi ramin da silin wayar tagulla guda ɗaya, a kai wa mai faci ya hura iska. Allura ko wayar ƙarfe na faɗaɗa ramin, daga nan babur ya zama mashayin mai har abada. Kafin a kwance sukurun iska, a ɗaure shi a hankali ana ƙirga juyi nawa ya yi, don a mayar da shi daidai. In fetur na zuba ta ƙasa, allurar fulot, wadda ke tsayar da fetur in kafireta ta cika, ita ce ta cinye ko ta maƙale.

Shi kansa fetur ɗin kowane gefe da matsalarsa. Tun 2009 ake sayar da fetur ɗin SP95-E10 a Faransa, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke jan ruwa kuma yana cin tsohuwar roba. Shi ya sa masu tsofaffin babura suka fi son SP98, wanda itanol ɗinsa bai kai haka ba. A gida kuwa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, shi ne ke zuwa da ƙasa da ruwa, wani lokaci da gaurayen kananzir, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 arahar tasa ma ta ragu. Don tashin farko, a sayo lita 2 daga famfon gidan mai.

Batir da ya shekara a zaune ya mutu, a saya sabo, amma a duba tukuna ko babur ɗin na volt 6 ne ko 12. Fulogin CG125 shi ne NGK D8EA, gibinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. A jingina shi da jikin injin a danna kik: wuta shuɗiya ake nema, ja mai rauni na nuna matsalar kwayil ko datti a mahaɗar waya. Gibin bawul milimita 0.08 ne, injin na sanyi. Gwanayenmu da kunne da yatsa suke saita shi, kuma sau da yawa suna dacewa, amma ma'aunin gibi mai siraran ganyen ƙarfe ba shi da tsada kuma ba ya kuskure.

Masu injin hayaƙi, wato wanda ke ƙona man injin tare da fetur, irin Yamaha da Peugeot 103, ku lura da sil ɗin kurankishaf. In sun bushe iska na shiga ta gefe, injin ya riƙa ihu shi kaɗai, ya yi zafi, fistan ya kama. A canza su tun kafin a hau hanya, a kuma gauraya man hayaƙi mililita 20 cikin kowace lita a tankin farko ko da famfon man hayaƙin babur ɗin na aiki.

Batun aikin makaniki kuwa, gida ya fi nan nesa ba kusa ba. Awa ɗaya ta makaniki a nan ba kasafai take gaza yuro 60 ba, kusan sefa 40,000, kuma gareji da yawa ba sa ma karɓar tsohon babur. Sai mutum ya jira layi na makonni, sannan tun Afrilun 2024 dole babur ya wuce gwajin lafiya na hukuma. Makanikin bakin kasuwar Garwa zai kwance kafireta ya mayar kafin la'asar, ya yanka gaskit daga kwali in ta kama. Inda nan ta yi fice shi ne tabbacin kaya: ka ba da lambar jikin babur, a kawo maka daidai abin da ya dace. Don haka in za a yi saƙo, a nemi ƙananan da jabunsu ya yi yawa a gida: fulogi na asali, sil, allurar fulot, jet mai lamba, ma'aunin gibi. Silinda, fistan, sarƙa da taya a saye su a gida, kuɗin dakonsu ya fi kuɗinsu.

In ya tashi, a bar shi a silo minti 10 ba tare da murɗa totur ba. Hayaƙin farko man da aka zuba ne ke ƙonewa. Faifan kulochi kan manne, don haka a riƙe birki kafin a sa giya ta ɗaya. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Tayar da ta tsattsage a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Bayan kilomita 200 zuwa 300 a sake juye baƙin mai, a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki.